Damunar da Inna Ta Daina Magana

A gidanmu na Briqueterie, unguwar da muke kira Birik, ba don sanyi ake hura wuta da yamma ba. Sanyin Yaoundé bai kai a zauna ɗumi ba, abin da ke damunmu ruwan sama ne da jan taɓon da ke bin mutum har kan tabarma. Wutar ta aikin kakata ce, Kaka Dudu, mahaifiyar Innata. Zanen ƙwarya take yi da wuƙa mai zafi, irin na matan Ngaoundéré inda ta fito, kuma da ta dawo zama wurinmu ba ta yarda ta baro sana'arta a can ba. Da an idar da sallar magariba za ta jawo murhun gawayinta, wanda muke kira furno, zuwa ƙarƙashin rumfar kwano, ta jera wuƙaƙenta masu ƙotar icce a cikin garwashi, ta ɗora ƙwarya a gwiwa. Mu yara mu kewaye ta, na gida da na maƙwabta, ƙamshin soya, wato tsiren bakin titi, yana tsallako katanga yana tsokanar cikinmu. In aka ɗauke kuran, wato lantarki, wanda kusan kullum sai an ɗauke, ranar kasuwarta ta buɗe, don har 'ya'yan masu talabijin sai su lallaɓo su raɓe.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, mai bakin tsiya. A kasuwa ta koyi Hausa, saboda haka in magana ta ƙure mata sai ta cike da Fulatanci, wanda ya yi dariya kuma ya sha ƙotar wuƙa a ƙeya. In za ta fara tatsuniya takan ƙwanƙwasa gefen furno ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Sai dai tatsuniyar Kaka ba ta zuwa a dunƙule. Wuƙar zane ba ta riƙe zafi, layi ɗaya za ka ja ta huce, sai an mayar da ita wuta. To a wannan ɗan jiran ne take ba da labari. Da ta ga baki ya yi ja, ta zare, magana ta tsaya cak, ko da kura ta buɗe baki a kan wuyan wani. Mu yi ta mutsu-mutsu muna kallon hayaƙi yana tashi daga ƙwarya.

"Kaka, sai me ya faru?"

"Kura ba inda za ta je, bingel. Wuƙa ce ba ta jira."

Na tsani wannan jiran a lokacin, wallahi. Na sha yi mata addu'ar gawayi ya ƙi kamawa ko ma samu labari ɗaya a cike.

Mu biyu ne a ɗakin Inna, ni Dija da yayana Hamadu. Shi ne ɗan fari, kuma a wurin mutanen Inna kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta janyo shi jiki a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Hamadu a bakinta ba. "Ke Dija, kira wancan ya zo ya ci abinci." Haka kawai. Amma ni da nake sa ido na san a ƙarƙashin tuwon wa ake binne babbar tsoka. Shi kuwa ko a jikinsa, hankalinsa yana kan motocin da yake ƙerawa da waya da gwangwanin madara, ya yanka musu tayoyi daga tsofaffin silifas. Duk silifas ɗin da ya ɓata a gidanmu an san inda za a neme shi.

A farkon wata damuna, ina aji huɗu a lekol, zazzaɓi ya kama shi. Aka kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya, Allah ya karɓi abinsa. Gida ya cika da masu gaisuwa, daga Ekoudou, daga Nkomkana, har da abokan Baba teloli da suka rufe shagunansu. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da gasasshen kifi, 'yar wajen Bamenda, ta rungume Inna tana "Ashiya, mami, ashiya," tana kuka kamar ita ta haife shi. Inna kuwa tana zaune a miƙe, idonta a bushe, tana amsa wa kowa da "Sai haƙuri." Tsofaffi suka yi ta yaba mata. Na ji wata tana cewa, "Kun ga 'yar asali. Ɗan fari ne, ko ƙwalla ba ta bari an gani ba."

Da aka watse daga zaman makoki, abin ya fara a hankali. Ta daina soya ƙosan da take sayarwa a ƙofar gida. Ta daina tsefe mini kai. Maganarta ta koma i da a'a, daga baya su ma suka tafi. Ta kwanta a ɗaki, fuska a bango, in aka kai abinci ta taɓa loma biyu ta ture. Nakan dawo daga lekol in zauna a bakin gadon in ba ta labarin duk abin da ya faru, na gaske da wanda na ƙirƙira, ba ta ko juyowa. Tsoronta na fara ji, kuma ina jin kunyar tsoron, don uwata ce.

Baba mutumin Kano ne, tela, mai sanyin hali. Ya kawo rubutu, ya kawo turare, ya sa aka yi sauka. Ya ɗauki taksi ya kai ta wurin likita, aka ba ta ƙwayoyin da suka sa ta samu barci, kuma barcin ya taimaka, sai dai in ta farka bangon nan dai take kallo. Baba ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Sai ga Kawu Bello, yayan Innata Asta, mai fataucin shanu daga arewa zuwa Douala. Mutum ne da ba ya kewaye-kewaye. A tsakar gida ya yanke magana, ina tsaye ina ji.

"Malam, wannan zaman ba zai yiwu ba. Asta ta koma gida ta sha iskar daji. Yarinyar a bar ta wurin ƙannenka, kada karatunta ya lalace. In na sauke shanu na dawo, zan sa ta a jirgi."

Baba ya sunkuyar da kai, bai ce a'a ba. Na san wata mata a layinmu da aka kai arewa ta huta, 'yarta har ta yi aure uwar ba ta dawo ba. Na rasa yayana, yanzu kuma za a sa uwata a jirgin ƙasa. Na ruga wurin Kaka ina kuka, na ce ta hana.

"Bello ɗana ne, amma kunnensa na bijimin sa ne," in ji ta. "Share hancinki. Je ki sayo mini gawayi."

Da yammar nan ta ce wai rumfa tana yoyo, ko da yake ni ban ga ɗigo ko ɗaya ba, ta sa muka ja furno har bakin ƙofar Inna. Ta naɗe labulen ta ɗaure, wai ɗaki yana warin ruma. Lokacin tana da aikin ƙoren wata amarya, manya da ƙanana, da uwar amaryar ta kawo tun kafin rasuwa. Ta ɗauki ɗaya, ta ƙwanƙwasa furno, baƙuwa ta shigo. Ba mu taɓa jin wannan tatsuniyar ba, kuma ba a yamma ɗaya ta gama ta ba, gutsure mana ita ta riƙa yi.

Wai a can da, duk ƙoren duniya farare ne, ba mai zane. Akwai wata matar makiyayi, Kumbo, mai tallan nono. Wata rana ɗanta na fari ya kai shanu shan ruwa, kogi ya tafi da shi. Kumbo ta buɗe baki za ta yi kuka, matan ruga suka dube ta, sai ta haɗiye. Kukan ya sauka ƙirjinta ya zama garwashi. Tun daga ranar duk abin da ta taɓa sai ya yi zafi. In ta ɗauki nono, kafin ta isa kasuwa ya tafasa. In ta shafa kan ɗan maraƙi, ya zabura ya gudu. Mutane suka fara ba ta hanya.

Ta je wurin kogi ta ce, "Kai ka ɗauki ɗana, kashe mini wutar nan." Kogi ya ce, "Ni ɗauka na iya, ban iya mayarwa ba. In kika shigo, ke zan ɗauka, wutar ta bi ki." Ta je wurin iska. Iska ta ce, "Rufa mini asiri, ni in na taɓa garwashi ƙara ruruwa yake yi." Ta je wurin wata tsohuwa mai yawan wa'azi, tsohuwar ta ce ta yi haƙuri. Kumbo ta ce, "Haƙurin ne na haɗiya." A nan Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda labarin yake buƙata, kuma ba mu take kallo ba.

Inna tana ciki, fuska a bango. Amma bayan 'yan kwanaki na lura ta juyo, hasken wuta yana taɓa idonta. Ban gaya wa kowa ba, don tsoron kada in faɗa abin ya koma.

Daga nan ne Kaka ta fara ɓarna. Matar da ke jan layi kamar an ɗaura zare, sai ga ta tana zana wasu abubuwa karkatattu, wannan gida babba, na kusa da shi ɗan mitsitsi, kamar sawun kaza a cikin taɓo. Kuma ba ta ɓoyewa. Ta ɗaga ƙwaryar sama wajen haske, daidai ƙofar ɗaki, ta ce, "Kai, Dudu, hannunki sai ke!" Yara suka ƙyalƙyale. Ni kunya ta kama ni, na ɗauka tsufa ne ya zo mata a lokacin da ba mu da wurin ajiye wata masifar. Ta lalata ɗaya, ta kama ta biyu. Uwar amarya ta zo duba aiki, ta gani, ta dafe kai.

"Hajiya Dudu, wannan fa? Da wannan zan kai 'yata ɗaki?"

"Shi ake yayi yanzu a Garoua," in ji Kaka, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ku mutanen Birik ba ku fita, shi ya sa."

Matar ta tafi tana surutai har bakin titi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, kafin Inna ta yi aure, ita ce gwanar zane a garinsu. Har daga wasu rugage ake kawo mata ƙore. Da ta zo Yaoundé ta tarar kowa ya koma kwanon silba da roba, ta ajiye wuƙa ta kama kaskon ƙosai, ba ta sake waiwaya ba.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa tun la'asar, an ɗauke kuran, muna cike a bakin ƙofa. A tatsuniya Kumbo ta gaji da yawo, ta zube a wata gonar duma, sai ga zabuwa ta fito tana kiwo. Zabuwa ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, hayaƙi na fita ta hancinki." Kumbo ta ba ta labari. Zabuwa ta juya mata baya ta ce, "Kin ga ɗige-ɗigen nan? Da ni baƙa ce wuluk. Shaho ya kwashe mini 'ya'ya..."

Sai wuƙa ta yi ja, Kaka ta zare, labari ya tsaya. Babbar ƙwaryar amarya ce a gwiwarta, kuma zoben baki take ja, layin da ke kewaye ƙwarya ya dawo ya haɗu da mafarinsa. Duk sauran zane a kansa yake ratayuwa, in ya kauce komai ya kauce. Muna kallo tana juya ƙwaryar, layin yana gangarowa ƙasa, yana nisa da inda ya taso. Ta mayar da wuƙa, ta zaro wata, ta ci gaba da gangarawa hankalinta kwance.

"Dada, ba zai haɗu ba."

Muryar Inna ce daga ɗaki, ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na juya zan yi ihu, Kaka ta danne mini ƙafa da tata har sai da na ji zafi. Ba ta ko waiwaya ɗakin ba.

"Zai haɗu," ta ce.

"Ba zai haɗu ba. Kin sauka."

"To ni abin da idona ya nuna mini ke nan. Wanda ya fi ni gani ba ya kwance yana gyara mini aiki da baki."

Ta sake zaro wuƙa ta ɗora a wuri mafi muni. Sai muka ji motsin gado. Inna ta fito tana dafa bango, zaninta a karkace, kanta ba ɗankwali, ta rame har na ga ƙasusuwan wuyanta. Ta durƙusa a gefen furno ta miƙa hannu. Kaka ta ba ta ƙwaryar kamar wadda aka yi wa ƙwace, tana gunaguni, ta juya wuƙa ta miƙa mata ta wajen ƙota.

Inna ta ɗora ƙwaryar a gwiwa. Ta daɗe tana kallon ɓarnar har wuƙar ta huce, Kaka ta karɓa ta ba ta wata. Sannan ta ɗora. Hayaƙi ya tashi, ƙaurin ƙwarya ya cika wurin. Ba ta bi karkataccen layin ba, sabo ta ja a samansa, ta bar na Kaka ya zama kamar igiyar da ke lilo a ƙasa. Da ramarta da komai, layinta ya tafi ya kewayo ya faɗa kan mafarinsa daidai. Wani yaron maƙwabta ya ce, "Kai!" Kaka ta ɗauke shi da ƙota.

"Ina muka tsaya?" in ji ta, tana gyara garwashi. "Yauwa, zabuwa."

Wai zabuwa ta ce, "Duk ɗan da shaho ya ɗauka, na fito da shi na ɗiga a bayana. Da a ciki na bar su, da tuni na ƙone." Ta tura wa Kumbo wata busasshiyar ƙwarya da baki. Kumbo ta ɗora yatsa, wurin ya ƙone ya yi baƙi, ta ji zafin ƙirjinta ya ragu kaɗan. Ta ja yatsan, ya zama layi. Ta zana kogi, ta zana ƙahonnin shanunsa, ta zana sawunsa a bakin ruwa. Ta cika ƙwarya ta ɗauki wata. A nan aka kira isha'i, Kaka ta kore mu.

Kada in yi ƙarya in ce washegari Inna ta tashi garau. Akwai yammacin da ba ta fito ba, Kaka kuma ba ta kira ta ba, sai dai ta ɗauki ƙwarya ta fara ɓarnarta da ƙarfi har a ji tsaki daga ɗaki. Amma fitowar ta fi rashin fitowar yawa. Ta fara cin abinci a bakin wuta, don mai aiki yana jin yunwa. Maganarta duk ta aiki ce: "Ba ni siririyar." "Wannan ba ta yi ja ba." Ni kuwa ko wannan na samu ina kwana da farin ciki. Ta gama ƙoren amarya, har waɗanda Kaka ta lalata ta san yadda ta yi da su. Uwar amarya ta zo ɗauka tana ta juya su, ta ce ashe gaskiya ne yayin Garoua ya fi.

Bayan nan Inna ta zaɓi wata ƙwarya da kanta, ba ta kowa ba. Ta kewaye ta da wasu ƙananan da'irori, kowace da ɗigo a tsakiya, bibbiyu, siririn layi yana haɗa su. Kaka ta karɓa ta kai kusa da ido.

"Asta, na san zanen uwata da na kakata. Wannan ban san shi ba. Mene ne?"

Inna ta shafa zanen da yatsa.

"Tayoyin motar Hamadu ne," ta ce.

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ita ma kamar ta tsorata da jin sa. Ta sake faɗa, "Hamadu," a hankali, sannan kukan ya ɓalle. Ba irin na mata a gidan makoki ba, wani kuka ne mai kauri da ya tanƙwara ta har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Ta kira sunan ta sake kira, ta ce ɗana, ta ce ko sau ɗaya ban gaya maka ba. Maƙwabta suka fito. Wata dattijuwa 'yar garinsu ta matso tana cewa, "Subhanallahi, Asta, ɗan fari ne fa, ina kunya?"

Kaka ta miƙe, duk tsayinta bai kai kafaɗar matar ba.

"Kunya ta ci nata rabon tun ranar da aka haife shi. Yau ranar uwa ce. In ba za ki iya ji ba, ga ƙofa."

Ta zauna ta jawo kan Inna ta ɗora a cinyarta, ita ma hawaye na bin kumatunta. Na shige tsakaninsu. Inna ta laluba ta kamo ni ta matse har numfashina ya ɗauke, kuma ban so ta sake ni ba. Baba yana tsaye a bakin zaure da hularsa a hannu. Da kuka ya lafa, Kaka ta share fuska da gefen zani ta ƙarasa mana labarin a taƙaice. Wai Kumbo ta yi ta zane har garwashin ya koma kamar ƙwayar gero. Wannan kam bai mutu ba, kuma ba ta so ya mutu. Da shi take jin ɗumi in sanyi ya zo, kuma duk wadda wutarta ta mutu a rugar wurinta take zuwa ɗiba. "Baƙuwa ta tafi," in ji Kaka, "ku ma ku tashi."

Kawu Bello ya dawo da tikitin jirgi a aljihu. Ya yi sallama ya shigo da saurinsa, ya tarar da ƙanwarsa a bakin furno, ɗankwali a ɗaure tsaf, ƙwarya a gwiwa, wata mata daga Nkomkana tana tsugune tana jiran aikinta. Ya tsaya turus.

"Asta? Jam na?"

"Jam, Yaya. Sannu da hanya."

"To... jirgin gobe ne. Ki haɗa kaya."

Ina riƙe da bakin zaninta. Ta zare wuƙa, ta ja layinta har ƙarshe, ta mayar wuta, sannan ta ɗago.

"Ka gaishe mini da mutanen gida. Ina da aiki a hannu, ga yarinya ga mahaifinta. Ba inda za ni."

Kawu ya dubi Baba, ya dubi Kaka. Kaka ta ce, "Me kake kallo? Zauna a ba ka ruwa." Ƙaton mutumin nan ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, ba mu san ko dariya yake ko kuka ba. Ni dai na fita da gudu ba takalmi, na bi layinmu cikin taɓo ina gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa Innata ba za ta tafi ba, har da waɗanda ba su san an ce za ta tafi ba. Da yamma Baba, wanda bai saba almubazzaranci ba, ya aika aka kwaso soya a takarda har yaran maƙwabta suka ƙoshi.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar zabuwa a matsayin dabarar tsohuwa kawai. Sai da na girma, na ga mutane da yawa da baƙin ciki ya kwantar, na gane abin da Kaka ta gani. Kowa ya zo wa Inna da magana: yi haƙuri, ci abinci, tashi, dubi 'yarki. Duk gaskiya ne, kuma duk nauyi ne a kan wadda ko juyawa ta gagare ta. Kaka ba ta nemi ta warke ba, layi ɗaya ta nema. Yanzu na san ciwon yana da suna a wurin likitoci, yana da magani, kuma duk wanda na ga alamarsa a jikinsa asibiti nake fara nuna masa. Amma na kuma san akwai abin da baki ba ya iya faɗa sai hannu ya riga shi.

Bayan rasuwar Kaka na tambayi Inna ko ta san da gangan ake ɓata ƙoren.

"Na sani mana. Wadda ta koya mini? Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba." Ta yi dariya, sannan ta ce, "Ke dai ba ki gane ba. In jar wuƙa tana hannunki ba ki da jiya, ba ki da gobe. In ta huce, baƙin cikin ya dawo, amma ya tarar na ɗan huta. Da haka da haka na fi ƙarfinsa."

Har yau tana Birik, ta ƙi dawowa wurina a Cité Verte, wai gidan bene ba wurin furno. Mata suna zuwa koyo, kuma na lura ba duka ne don sana'a suke zuwa ba. Akwai wadda mijinta ya rasu, akwai wadda ta gudo daga rikicin arewa ba ta san inda sauran 'yan gidansu suke ba. Inna ba ta tambayarsu komai, ƙwarya take miƙa musu.

Tsufa kuma ya ƙara mata baki, ta wuce Kaka nesa. Ran Juma'ar da ta wuce muka je gaishe ta da maigidana. Tun daga ƙofa ta fara: mun makara, na yi ƙiba, yarana ba su iya gaisuwa da Fulatanci ba, miyar da na kawo ba gishiri, shi kuma gemunsa ya yi kama da tsintsiyar da ta ƙare. Ba ta tsaya ba har muka shiga taksi, muna tafiya tana biyo mu da sauran. A hanya ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Dija, don Allah yaya kike jure wa faɗan Inna? Ko sau ɗaya ban ga kin ɓata rai ba."

Na ce masa, "Bar ta ta yi. Kai ba ka taɓa jin gidan nan ba tare da muryarta ba. Ni na ji."